Dutsen Sunapee: Amanar Jama'a a Hannun Ɗan Haya

Da hantsin wata Asabar ta watan Janairu na isa gindin dutsen Sunapee, a jihar New Hampshire ta Amurka, bayan tafiyar kusan awa biyu a mota daga Boston. Sanyin wurin ya sa na raina hunturun Jos. Ƙanƙara ta lulluɓe ƙasa fari fat, jama'a kuwa sun yi layi suna jiran kujerun da ke rataye a igiyar ƙarfe su hau da su sama, domin su gangaro da zamiya a kan dogayen allunan da suka ɗaura a ƙafa. Ni da ban iya wasan ba, kallo ya kai ni. Abin da ya ja hankalina shi ne allon da ke bakin hanya, wanda ya nuna cewa wannan wuri gandun shaƙatawa ne mallakar jiha, alhali kamfani ne ke sayar da tikiti.

Tarihin dutsen ya fayyace yadda aka yi haka. A farkon ƙarni na 20 masu sana'ar katako sun tasar wa dajinsa da sara. Wasu mutane da abin ya dama suka tara kuɗi, a 1911 Ƙungiyar Kare Dazuzzukan New Hampshire ta sayi wani yanki nasa domin ta tsirar da shi. A 1948 filin ya koma hannun gwamnatin jiha, kuma a shekarar aka buɗe filin zamiya. Shekara 50 jiha na tafiyar da shi da kanta. Sai dai wasan ƙanƙara na cin kuɗi: ana buƙatar sabunta kujerun hawa, da injunan da ke janyo ruwa daga tafkin Sunapee su fesa shi ya zama ƙanƙara idan sama ta yi rowa. A 1998 gwamnati ta bayar da filin haya ga masu tafiyar da filin Okemo na jihar Vermont, a 2018 kuma hayar ta koma hannun Vail Resorts, babban kamfani daga Colorado.

Adalci ne a faɗi ribar wannan ciniki. An gyara kayan aiki, garin Newbury da maƙwabtansa na samun baƙi da ayyuka, kuɗin hayar kuma ana zuba shi wajen inganta filin dutsen Cannon, wanda har yanzu jiha ke riƙe da shi.

Amma ɗan haya, ko na gida ko na gona, kullum yana ganin wurin ya yi masa kaɗan. Ba a daɗe ba masu hayar suka nemi faɗaɗa filin zuwa yammacin dutsen, wajen garin Goshen, inda suke da fili nasu na kansu. Masu adawa suka ce ana son a sare dajin jama'a ne domin a ɗaga darajar filin wasu. Maganar ta kai kotu, aka shafe shekaru ana ja-in-ja kafin gwamnati ta amince a 2016. Abin da ya ƙara wa gardamar nauyi shi ne binciken masana, wanda ya tabbatar da cewa akwai sauran tsohon daji a dutsen, mai itatuwan da suka haura shekara 200, irin waɗanda masu saran farko ba su kai gare su ba.

Daga saman dutsen, mai tsayin kimanin mita 830, na hango tafkin ya daskare, hanyoyin zamiya kuma sun ratsa dajin kamar tsagar kitso. A nan na gane cewa hanyar da aka sare ba ta komawa daji a rayuwar wanda ya sare ta. Haya tana da wa'adi, kamfani na iya sayar da haƙƙinsa ya tafi, kamar yadda ya faru a 2018, itacen shekara 200 kuwa babu kasuwar da za a sayo shi.

Ba na cikin masu cewa haram ne gwamnati ta bayar da kadararta haya. Abin da nake gani shi ne, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wajibi ne a shata iyaka tun ranar sa hannu, a bayyana sharuɗɗan ga kowa, a kuma bar wa jama'a ikon cewa a'a. Mutanen New Hampshire sun yi amfani da wannan iko a zaurukan sauraron ra'ayi da shafukan jaridu, kuma ko da ba su samu duk abin da suke so ba, an tilasta wa mai mulki da ɗan haya yin bayani a bainar jama'a.

Da la'asar na sauko, yatsuna sun ƙage, ina tunanin mutanen 1911 da suka tara kuɗinsu domin jikokin da ba su sani ba.