Zaure a Cikin Kwamfuta

Masu iya magana sun ce zamani riga ne. A da, in ɗalibai za su yi wasan kwaikwayo, sai su nemo katako da yadi da fenti, su zana bangon gari su jingine a bayan dandamali. Yanzu akwai manhajar ƙera wasannin kwamfuta mai suna Unreal Engine, ta kamfanin Epic Games na Amurka. Da ita aka haska hamada a kan manyan allunan haske wajen ɗaukar shirin The Mandalorian na 2019, alhali 'yan wasan suna cikin ɗaki.

Ni da wani abokina, mai shagon tace bidiyon biki a Tina Junction, muka ɗauki wannan aiki domin wasan ƙarshen zango na ajinmu. Ba mu da allunan haske, sai muka ari majigi da farin yadi. Amfanin manhajar shi ne ana iya juya hoton ana tsakiyar wasa. Ina zaune gefe da kwamfuta, in ɗan wasa ya ce rana ta faɗi, sai in danna maɓalli, hantsi ya koma almuru. In na danna wani, hazon hunturu ya sauko.

Inda gizo ke saƙar shi ne gini. Kasuwar manhajar cike take da fadojin Turai, amma ba mu sami zaure ba, dole muka gina namu. Ni kuwa ba da Hausa na buɗe baki ba, a kasuwa da makaranta na koye ta, kuma a gidan bulo na tashi. Don haka na nufi gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, inda aka gina kwatankwacin ganuwar Kano da masallacin Zariya da jar ƙasa. Na ɗauki hotuna, na kuma zauna da wani dattijon magini.

"Baba, a ina zan sa ƙofar ciki?" na tambaye shi.

"Ɗana, kada ta kalli ta waje," in ji shi, "don kada baƙo ya hango tsakar gida."

Shi ya bambance mini tubali da azara da zanko da makuba. Da muka karkatar da ƙofar, sai wasan ya zauna daidai: baƙo ya tsaya a zaure ya yi sallama, yaro ya shiga ya yi masa iso.

Abokina ya san sirrin maɓallai, amma sanin inda ƙofa za ta kalla aikin ɗalibin Hausa ne. 'Yan'uwana ɗalibai, Hukumar Fina-finai ta Nijeriya da makarantarta suna nan Jos, kuma masu wannan sana'a za su buƙaci wanda ya san gidan Bahaushe. In ba mu gina namu ba, a fadar wasu za a riƙa yin wasanninmu. Allah ya sa mu dace.