Murucin Bisa a Gidanmu na Poli

A gidajen Hausawan Poli na zamanin ƙuruciyata ba a shuka abu don kallo. Zogale na bayan ɗaki saboda kwaɗo, lalle na jikin danga saboda ƙunshi, ɗoɗɗoya na gindin randa saboda sauro. Furen ado sai a harabar mishan ko gidajen manyan ma'aikata, inda ake biyan mutum ya yi ta ban ruwa ga abin da ba a ci. Don haka murucin bisan da ke manne a jikin mangwaron tsakar gidanmu ba da sunan fure ya shigo ba. Goggo, yayar mahaifina, ita ta sa aka kawo shi, tana jiƙa shi ta ba yaran da ake yayewa. Wasu matan ma manta uwa suke ce masa. Ko jiƙon ne ke aiki, ko yaron ne ke gajiya da kuka, wannan tsakaninta da matan unguwa.

Baba tela ne. Ya kwashe mu daga Garwa da kekensa na ɗinki a 1983, shekarar da aka raba tsohon lardin Arewa na Kamaru gida uku. Mai zuwa Poli yana barin kwaltar Garwa zuwa Ngaundare ne ya yanki yamma, a wancan lokacin kuwa hanyar burji ce wadda damina ke wasa da ita yadda ta ga dama. Garin na zaune cikin kwari, duwatsu sun kewaye shi, babbansu Hosere Vokre mai tsayin mita 2,049. Ruwan sama ya fi na Garwa yawa, rafuka na gangarowa daga duwatsu, bakinsu cike da itatuwa. Ƙasar Dowayo ce, amma a kasuwa da Fulatanci ake ciniki. Wani dattijon Dowayo mai kawo mana zuma shi ya ɓamɓaro tsiron daga wuyan wata giginya, ya ɗaure shi da igiyar rama daidai inda mangwaron ya rabu biyu.

Ranar aka sha gardama. Baba ya dage kauci ne.

"Adda, wannan abin zai shanye mini itace," in ji shi.

"Kai dai Tela, je ka ji da zarenka," in ji Goggo. "Kauci ci yake yi, wannan zama kawai ya zo yi."

Gaskiyarta. Kauci yana huda reshe ya kai ga ruwan itacen ya yi ta tsotsa har reshen ya bushe. Murucin bisa kuwa riƙo kawai yake yi, in ka ɗaga saiwarsa za ka ga ɓawon lafiya lau. Saiwoyinsa iri biyu ne. Akwai masu kauri da ke rungumar itace, akwai kuma sirara farare masu tsini da ke miƙewa sama, su yi cunkus har su zama kwando. Busasshen ganye, kashin tsuntsu, ƙurar hunturu, duk a nan suke taruwa, damina ta zo su ruɓe, takinsa ke nan. Tururuwa ma kan yi gida a ciki, mu yara mun sha cizo wajen leƙe. Farar fatar da ke jikin saiwar kamar soso take, tana zuƙe ruwa ko raɓa nan take, sannan tana bukatar iska ta busar da ita. A nan ne duk wanda ya ɗauke shi shuka irin ta gona yake faɗuwa.

Matar maƙwabcinmu ta roƙi ɓari. Ta samo tukunya mai kyau, ta cika da jar ƙasa da kashin tumaki, tana ban ruwa safe da yamma. Kafin a yi girbin dawa ya zama baƙin ruɓaɓɓen abu mai wari. Na Goggo da ta raba daga baya, a kasko ta sa shi, da gutsattsarin gawayi da ɓawon itace, ko cokali ɗaya na ƙasa babu, ta rataye a bakin rumfa inda hantsi ke dukansa. Da damina ba ruwanta da shi. Da rani sai in ta ga karan ya soma yamushewa take watsa masa ragowar ruwan buta. Takan ce wanda aka shagwaɓa ganye kawai yake yi. Wajen ƙarshen hunturu, lokacin da daji ya ƙone ƙurmus, sai ya fitar da zangarniya mai rassa, furanni gomiya-gomiya, ruwan ɗorawa da ɗigo-ɗigon ƙasa-ƙasa, su yi makonni ba su zube ba. Baba, wanda ya so a cire shi, shi ne ke jan baƙi zuwa gindin mangwaro.

Sai da na girma na ga hotonsa a littafi. Ashe ɗan dangin okid ne, dangin da ke da nau'i wajen 28,000, har da vanila da ake sa wa kek. Masana na ce masa Ansellia africana. John Lindley ne ya raɗa masa sunan a 1844, don tunawa da John Ansell, mai kula da lambu da ya biyo ayarin Ingila zuwa kogin Kwara a 1841, ya tsince shi a tsibirin Fernando Po, wato Bioko ta yau. Karatun ya kuma warware mini wani abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai. Kwanson irinsa kan fashe, ƙura ta tashi, amma ko sau ɗaya bai tsiro a tsakar gida ba. Dalili shi ne ƙwayar irin okid ba ta da guzurin abinci a cikinta, sai ta dace da wani nau'in funfuna da zai ciyar da ita kafin ta tsira. Bafaranshe Noël Bernard ya gano haka a 1899. A 1922 Lewis Knudson na Amurka ya nuna ana iya tsirar da irin cikin kwalba da sukari, a 1960 kuma Georges Morel ya nuna yadda ake yawaita okid daga ɗan tsinin toho. Daga nan furen attajiran Turai ya zama hajar kanti.

Akwai kuma na ƙasa, dangin Eulophia, da muke gani a gangaren duwatsu bayan gobarar daji. Ruwan farko na sauka sai sanda ta fito daga cikin toka, furanni masu launin shanshanbale a kanta, ganye sai daga baya. Goggo ba ta taɓa yarda a tono mata su ba. Ta ce abin da ke barcin rani a ƙarƙashin ƙasa ba ya zama a gidan da ake zubar da ruwan wanke-wanke, kuma haka ne, danshi a lokacin hutunsa ruɓar da doyarsa yake yi.

Yanzu nakan ga okid a falon wasu manya a Garwa, farin nan mai faɗin fure da ake kira Phalaenopsis, a tukunyar roba da ƙyalle. Asalinsa dazuzzukan Filifin da Indunusiya masu laima, a gidajen gilashi na Holan da Taiwan ake rainonsa. Zafin da ya wuce digiri 30 yana wahalar da shi, Garwa kuwa a Maris da Afrilu takan haura 40. In an kai shi ɗakin na'urar sanyi, busasshiyar iska ta kaɗe masa fure. A ganina asarar kuɗi ce, tunda ga namu da ya saba da hunturu da bazara tun fil'azal. Sai dai namun ma raguwa yake. Ana sare giginya don azara, ana share bakin rafi don auduga da masara, masu magani na kwashe shi tuli guda, har ƙungiyar kare halittu ta IUCN ta sa shi cikin tsirran da ke fuskantar barazana.

Dattijon nan mai zuma bai taɓa kwashe gindi ɗungurungum ba. Kara uku ko huɗu yake yankowa da saiwarsu, ya bar uwar a kan giginya. A farkon damina ake ɗaurawa, kuma da igiyar rama, ba waya ba, don kafin igiyar ta ruɓe saiwa ta riga ta kama. Shekarar farko kada a sa ran fure.