Jirgin Fito na Tsibirin Sikai

'Yan'uwa manoma da makiyaya, yau labarinmu daga ƙasar Sikotilan yake, arewa da Ingila. Can akwai wani tsibiri, wato ƙasar da ruwa ya kewaye, ana ce masa Sikai.

Mun bi wata siririyar hanya ta cikin duwatsu har ƙauyen Gilanelig, a bakin teku. Daga mashigin jirgi da ke kusa da ƙauyen muna hangen tsibirin, tsakaninmu bai kai kilomita ɗaya ba. Amma ruwan yana da gudu ƙwarai. Teku tana cika tana janyewa sau biyu a rana, ruwa mai yawa kuwa ta wannan matsatsi yake bi.

Wani ƙaramin jirgi ne ke fito. An ƙera shi a 1969. Mota shida kaɗai yake ɗauka. Daɓen da motoci ke hawa yana juyawa kamar faifai. Ma'aikata ne ke tura shi da hannu har ya daidaita da gaɓa. Muka hau, aka juya mu. Cikin kamar minti biyar muka ƙetare, motarmu ta sauka da gabanta.

Makiyaya, ku ji wannan. A zamanin da, nan ne mashigin shanun tsibirin in za a kai su kasuwa. Sai a jira ruwa ya lafa. A ɗaura igiya a muƙamuƙin saniya, a ƙulla ta da wutsiyar ta gabanta. Mutum yana cikin kwalekwale riƙe da ta farko, sauran suna bi da iyo. Wanda ya taɓa ƙetare kogi da garke ya san wannan fargaba.

A 1995 aka buɗe gada a wani wuri dabam. Motoci da yawa suka koma can. In jirgi ya tsaya, baƙi za su daina bi ta ƙauyen, aiki da ciniki su ragu. Sai mutanen yankin suka haɗa kai suka kafa ƙungiya, suka sayi jirgin a 2007. Yana aiki daga wajen watan Afirilu zuwa Oktoba, ya huta lokacin sanyi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu ma muna da rijiya, da injin niƙa, da burtali. In ba mu haɗu mun riƙe su ba, wa zai riƙe mana?