Shekara 38 a bakin fili ɗaya

A Agustan 2024 ƴan matan Nijeriya, D'Tigress, suka kai zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe a wasannin Olamfik na Paris, matakin da babu ƙungiyar ƙwallon kwando ta Afirka, ta maza ko ta mata, da ta taɓa takawa. Bidiyon ya yi ta yawo a wayoyi har Tasawa da Mayahi, ana ta yabon kociyarsu Rena Wakama. Wani tsohon malamin lakwal a Tasawa, wanda ya sha ƙurar alli har ya yi ritaya, bai hana kowa murna ba. Abin da ya ci masa tuwo a ƙwarya shi ne samarin da ke tafa wa ƴaƴan wasu, alhali su ne masu kora ƙannensu mata gida in sun gan su a filin makaranta bayan an tashi.

Shi in ana zancen koci, sunan da yake kawowa Pat Summitt ne, ta jami'ar Tennessee a Amurka. Ƴar manoma ce, ta tashi tana tatsar shanu. Makarantar garinsu ba ta da ƙungiyar ƴan mata, sai mahaifinta ya kwashe iyali ya koma Henrietta don kawai ƴarsa ta samu inda za ta yi wasa. A nan dattijon yakan dakata ya dubi masu sauraro: uban wa ya taɓa sauya ko da unguwa saboda karatun ƴa mace?

An ba ta ƙungiyar a 1974 tana da shekara 22, albashinta dala 250 a wata. Ita ke wanke rigunan ƴan wasa, ita ke tuƙa motar da ke kai su wasa. Ba ta bar wurin ba sai 2012, da nasara 1,098 da kofin ƙasa takwas. Na farko ma sai a 1987 ya zo, bayan shekara goma sha uku. Da a nan ne, in ji shi, da tuni an yi mata canjin wuri sau huɗu.

Kofunan ba su dame shi ba. Dokarta ce yake maimaitawa har jikokinsa sun gaji da ji: ƴar wasa ta zauna a layuka uku na gaba a aji, wadda ta ƙi shiga aji kuma ba ta shiga fili. Duk wadda ta cika shekarunta na wasa a hannun Summitt ta fita da digiri. Shi kuwa abin da ya sani daban ne. Kowace komawar Oktoba yakan buɗe rajista, ya kira suna, aji ya yi tsit, sai wata daga baya ta ce an kai kuɗinta. Ya ja jan biro a kan sunan. Sau da yawa ita ce mai zuwa ta ɗaya a lissafi, ita ce kuma ke tsere wa maza a gudu. A Nijar kusan uku cikin huɗu na ƴan mata ana aurar da su kafin shekara 18, kuma jihar Maraɗi na sahun gaba. Dokar da gwamnati ta sa wa hannu a Disamban 2017 don kare karatun ƴa mace tana nan a takarda. Ita takarda ba ta zuwa ƙofar gida ta yi sallama da uba, sai malamin da ya daɗe a garin har ana jin nauyinsa.

Yana son kokowa, ba ya ɓoyewa. Tun 1975 da Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi a Tawa, rediyo ba ya barin kunnensa lokacin gasa. Amma yakan ce ƙasar da ta iya gina filin kokowa a kowace jiha ba za ta rasa ƙarfe biyu da zobe ga ƴan matan kwaleji ba.

Kan malaman kwantiragi bakinsa biyu ne. Yau ya zage su, wai ba su da haƙuri, shekara ɗaya a ƙauye sun fara neman hanyar komawa birni. Gobe ya kare su: wa zai zauna inda albashi ke makara, babu ɗaki, babu ruwa? Wata rana ma cewa yake daɗewa ba abin yabo ba ne, domin ya san waɗanda suka shekara talatin a kujera ba su fitar da kowa ba.

Summitt ta bayyana a 2011 cewa cutar mantuwa ta kama ta. Ta ƙarasa kakar, ta miƙa ƙungiyar ga Holly Warlick, wadda ta yi wasa a hannunta, ta kuma yi mata mataimakiya shekara 27. Ta rasu a 2016 tana da shekara 64. A ƙauyukan Mayahi da dattijon ya sani, malama kan bar aji tun ba ta san iyayen ɗalibanta ba, balle ta rene wadda za ta gaje ta.