Garin Neman Gira: Mu da Kwamfutarmu Mai Sandarewa

Da layi ya zo kanmu a wannan makon mun so mu taɓa ƙa'idojin rubutu, sai muka ga akwai bashin da ya kamata mu fara biya. Wasunku sun ji cewa a bazarar da ta wuce mun salwantar wa wata yayarmu a ƙungiya babi uku na littafinta. Ga yadda aka yi.

Mu biyu ne, tare muka gama difiloma a fannin kwamfuta. Da aiki ya ƙi samuwa, muka haɗa ɗan abin da muke da shi muka kama shago a unguwarmu a Kano, muka harhaɗa kwamfuta ɗaya da kayan hannu. Da rana muna buga wa marubuta da ɗalibai rubutu, da dare samari su biya su buga wasan ƙwallo a kanta. Furosesarta Intel Core i5-9600K ce. Wannan harafin K na ƙarshe yana nufin kamfani ya bar ƙofa a buɗe, mai ita zai iya ƙara mata gudu fiye da yadda aka ƙayyade. Iyakarta daga kamfani gigahaz 4.6 ne. Mu kuwa, don wasa ya ƙara santsi kuma a san mun yi karatu, muka shiga BIOS muka kai ta 5.0, muka ƙara mata ƙarfin wuta kaɗan. Wannan a watan Janairu ne, ana tsakiyar hunturu. Ta yi ta aiki lafiya lau, mu kuma muka yi ta yi wa abokai burga.

Ana shiga ƙarshen Maris ta fara sandarewa. Hoto zai tsaya cak, maus ya ƙi motsi, sauti ya maƙale yana ƙara, ba abin yi sai a danne maɓallin kunnawa har ta mutu. Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne ba ta da lokaci. Yau sau uku, gobe ko ɗaya babu. Wani lokaci ana tsaka da wasa, wani lokaci ana bugun rubutu kawai.

Sai muka shiga ɗora laifi. Muka ce bairos ne, muka goge Windows muka sake sa sabuwa. Ta sandare. Muka ce wuta ce ke rawa, muka ci bashi muka sayi sitabilaiza. Ta sandare. A rana ɗaya muka sauya direban katin hoto, muka sauya wa ram mazauni, muka sauya wayar wuta, ta yi kwana biyu lafiya, muka yi murna ba tare da mun san wanne ne ya yi maganin ba. Rana ta uku ta koma gidan jiya. Mun leƙa Event Viewer inda Windows ke ajiye bayanan abin da ya faru, muka tarar da Kernel-Power mai lamba 41, muka ɗauka mun kama ɓarawo. Ashe abin da yake cewa kawai shi ne an kashe kwamfuta ba bisa ƙa'ida ba, abin da mu muka yi da hannunmu. Duk wannan faɗi-tashin, ba wanda ya ambaci gudun nan da muka ƙara. A zuciyarmu an gama da wannan maganar tun Janairu.

Ana haka Anti ta zo da littafinta. Ta zauna da mu yini biyu, muna bugawa daga littafin rubutunta tana gyara jimloli da baki, ta cire nan ta ƙara can. Da la'asar ɗin rana ta biyu, daidai lokacin da muka danna adanawa, allo ya tsaya. Muka kashe muka kunna, fayil ya ƙi buɗewa. Ba mu da kwafi a ko'ina. Rubutun hannunta yana nan, amma gyaran da ta yi da baki ya tafi. Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauki jakarta ta ce, "Ƙannena, da kun san ba ta da lafiya ai sai ku faɗa mini." Da zagi ta yi mana da ya fi sauƙi.

Washegari muka sauke girman kai muka ɗauke ta zuwa wajen wani dattijo mai gyara. Ya gama jin bayaninmu ya ce, "Samari, me kuka taɓa mata kafin ta fara?" Muka ce babu, sai dai gudu, shi kuwa tun sanyi ne. Ya yi murmushi ya ce, "To yanzu sanyi ake?" Ya bayyana mana cewa furosesa in ta yi zafi tana buƙatar ƙarin wuta kafin ta riƙe gudu ɗaya ba kuskure, ƙarin wutar kuma ƙarin zafi ne. Abin da ya tsaya da ƙyar a sanyin Janairu ba lallai ya tsaya ba a Afrilu, lokacin da Kano kan haura digiri 40, a shago mai rufin kwano. Ya ba mu sharaɗi biyu: mu mayar da komai yadda kamfani ya saita, sannan mu sami littafi, mu riƙa taɓa abu ɗaya tak muna rubutawa.

Muka bi. Muka mayar da BIOS asalinsa, kwana huɗu ba sandarewa. Muka kunna XMP kaɗai, wato saitin da ke kai ram ɗinmu megahaz 3200, muka bar MemTest86 ya kwana yana gwada shi, ba kuskure ko ɗaya. Ram ya fita daga zargi. Muka mayar da 5.0, muka kunna Prime95 mai matsa wa furosesa aiki, muna kallon zafi a HWiNFO. Nan take ya wuce digiri 90, alhali iyakarta 100 ne, kafin minti ashirin ta sandare a gaban idonmu. Karon farko ke nan da mu muka jawo ciwon da gangan, kuma a ranar muka san inda yake. Da muka buɗe murfi, ƙurar hunturu ta toshe haƙoran abin sanyayawa kamar auduga, man da ke tsakaninsa da furosesa ya bushe. Muka share, muka shafa sabo, muka sauko 4.8. Ta yi awa shida a gwaji ba gezau. Bambancin 4.8 da 5.0 kusan kashi 4 cikin 100 ne, ba wani ɗan wasa da ya lura. A kan wannan muka yi asarar makonni da kuɗin sitabilaiza da yardar yayarmu.

Littafin nan na dattijo har rubutunmu ya bi mu. Da in aka ce labarinmu ba ya tafiya, sai mu sauya farko da suna da ƙarshe a dare ɗaya. Yanzu abu ɗaya muke taɓawa, mu ba mai karatu, mu ji. Kuma sashen da muka fi taƙama da shi, shi muke fara tuhuma.

Mun je har gida mun ba Anti haƙuri, muka sake buga babi ukun kyauta. Ta ce akwai wata jimla a ƙarshen babi na biyu da har yau ta kasa tuno yadda ta faɗe ta. Yanzu duk aikin da ya shigo shagonmu, kafin mai shi ya tashi muna sa masa kwafi a filas, mu tura wani wayarsa. Ku ma kafin ku kwanta yau ku duba, littafinku wuri nawa yake?