Darasin Nahawu a Fadar Alhambra

Ranar Asabar muka hau tudun Alhambra a Granada, kudancin Sifaniya. Jarrabawar Sifaniyanci tana jiranmu Litinin, ga shi har lokacin ba mu san inda ake cewa "vivían" da inda ake cewa "vivieron" ba.

A Farfajiyar Zakuna, inda zakunan dutse 12 ke ɗauke da babban kwanon ruwa, jagorarmu ta ce sarakunan Banu Nasr "vivían" a nan, wato suna nan zaune, ba ta yanke zaman ba. Da ta kai 1492 sai ta ce "cayó": birnin ya faɗi, shi ke nan.

Ashe "suna zaune" da "sai suka fita" ne, irin na tatsuniyar kakanninmu! Muka nemi inuwa a lambu, muka buɗe aikin gidanmu. Kusan rabi a juye muka rubuta.