Madubin bindiga: Abin da fim bai faɗa mana ba

Duk wanda ya taso ya na kallon finafinan yaƙi na Turawa ya san wannan fitowar: allo ya yi baƙi ƙirin, sai da'ira a tsakiya da layuka biyu su ka gitta juna, can ga mugu ya na busa sigari bai san ajali ya na leƙen sa ba. Mun gani a Sniper na Tom Berenger a 1993, mun gani a Saving Private Ryan a 1998, inda harsashi ya ratsa ta cikin madubin maharbin Jamus ya same shi a ido. Nan za ka ji gidan kallo ya ɗauki sowa. Abin da mu ka tashi da shi ke nan: gwargwadon girman madubin da ke kan bindiga, gwargwadon gwanintar mai ita.

Zaman karatu ya kai ni jihar Wiskonsin ta Amurka, inda farautar barewa ta ke kamar sallah. Kwana tara ake ba maharba masu bindiga a ƙarshen Nuwamba, kowa da lasisin sa da rigar sa mai ruwan lemo don ɗan'uwan sa ya hango shi daga nesa. Maƙwabci na, wani dattijo da ya haura shekara saba'in, ya ce in raka shi sayen sabon madubin saiti, domin idon sa ya fara gazawa. Matar sa kuma ta riga ta yanke hukunci: in bai ga abin da zai harba sarai ba, to bana ya ajiye bindiga.

Mai karatu, kanti ne guda, amma madubai sun fi a ƙirga. Ga Leupold da Vortex na Amurka, ga Zeiss na Jamus, ga Swarovski na Ostiriya. Wani kuɗin sa bai wuce na takalmi ba, wani kuwa ya ninka kuɗin bindigar kan ta. Yaron kanti ya ciro wani narkeke mai kaurin taɓarya ya miƙo. Dattijo ya juya shi, ya yi murmushi, ya ce: "Yaro, barewa zan harba a cikin kurmi, ba wata zan leƙa ba."

A nan ya koya mini karatun lambobin da ke jikin kwali. In ka ga an rubuta 3-9x40, ma'ana madubin ya na kusanto da abu daga ninki 3 zuwa ninki 9, faɗin gilashin gaba kuma milimita 40 ne. To amma kowane ninki da kuɗin sa. A ninki 3, daga nisan yadi 100, za ka ga fili mai faɗin kimanin ƙafa 30. Ka murɗa zuwa 9, filin ya tsuke bai kai ƙafa 15 ba. Dabba ta yi tsalle ɗaya ta ɓace maka, kuma ko bugun zuciyar ka sai ka ga ya na girgiza hoton.

Sai batun haske. Barewa da sassafe ta ke fitowa ko gab da magariba. In ka raba 40 da 9, hasken da ke isa idon ka bai kai milimita 5 ba; in ka raba da 3, ya haura 13. Shi ya sa dattijo ya roƙi a bar shi ya fita bakin ƙofa, ya auna inuwar wata bishiya a ƙetaren titi. Ya ce a ƙarƙashin fitilun kanti kowane madubi amarya ne, a cikin duhu-duhu ake sanin na gari.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne tazarar ido. A fim sai ka ga jarumi ya manna idon sa da madubi kamar mai leƙen kafar makulli. Wallahi a zahiri wanda ya yi haka da babbar bindiga, sai an ɗinke masa gira, domin ta na tokarowa baya in ta tashi. Madubin kirki ya na ba ka cikakken hoto daga tazarar inci 3 zuwa 4. Haka kuma ana cika cikin sa da iskar naitirojin don kada ya yi raɓa in an fito da shi daga ɗumin mota zuwa sanyi.

Tarihi ma ya na bayan dattijo. Madubin PU da maharban Rasha su ka yi yayi a Yaƙin Duniya na Biyu, irin wanda mu ka gani a Enemy at the Gates na 2001, ninki uku da rabi kacal ya ke yi. Shi kuwa Simo Hayha na ƙasar Finlan, da ya addabi sojan Rasha a yaƙin hunturun 1939 zuwa 1940, ƙin madubin ya yi ɗungurungum, don gilashi ya na ƙyalli, kuma ya na sa mutum ya ɗaga kai.

A ƙarshe ɗan madaidaici ya saya, mai layukan da su ka yi kauri a gefe su ka sirance a tsakiya, samfurin da Leupold ya fito da shi tun 1962. Ragowar kuɗin ya zuba a zobban ɗaure shi masu ƙarfi, da harsasan gwaji, har da tabarau mai hangen nesa na hannu. Na tambaye shi amfanin wannan na ƙarshe, tunda ga madubi a kan bindiga. Fara'ar sa ta ɗauke. Ya ce duk abin da ka leƙa ta madubin bindiga, to bakin bindiga ka nuna masa. Motsin da ka gani a ciyawa zai iya zama barewa, zai iya zama jikan wani.

Wannan maganar na so 'yan fim ɗin mu su ji. Mu na son nuna bindiga a fim, amma kusan kullum a matsayin ado. Ina ma wani darakta zai ba mu maharbin da ya daidaita saiti, ya riƙe numfashi, sannan ya janye yatsan sa don bai tabbatar da abin da ya gani ba. Maharban mu na gargajiya, da 'yar bindigar su ta toka, sun daɗe da sanin wannan, kuma labarin su na nan ba a taɓa ba.